Daga Mayanka zuwa Ɗakin Gwaji: Yadda Muka Tsamo Ƙwayoyin Tushe daga Ruwan Gaɓa

Aikin da aka ɗora mini a ƙaramin ɗakin gwaje-gwajen da nake aiki a Ngaundere ta ƙasar Kamaru shi ne in ɗebo ruwan da ke cikin gaɓar ƙafar saniya, in tsamo ƙwayoyin tushe daga cikinsa, in rene su har su yi yawa, sannan in gwada ko za su yarda su rikiɗe su zama guringuntsi. Ƙwayoyin tushe su ne ƙwayoyin halittar da ba su riga sun tsaya a kan aiki guda ba, waɗanda ke iya hayayyafa, kuma su koma ƙashi ko kitse ko guringuntsi gwargwadon abin da aka ciyar da su da shi. Ni horona na gwaje-gwajen dabbobi ne, kuma babu wani majiyyaci da muka taɓa a wannan aiki, amma abin da ake hange a can gaba gwiwar ɗan Adam ce.

Dalilin aikin yana cikin halin guringuntsin kansa. Wannan farin abu mai santsi da ke lulluɓe kan ƙashi a gwiwar mutum kaurinsa bai wuce milimita 2 zuwa 4 ba, babu jijiyar jini ko ɗaya da ke ratsa shi, kuma daga ruwan gaɓa yake tsotsar abincinsa duk lokacin da aka taka ƙafa aka ɗaga. Mafi yawansa ruwa ne da zaren kolajin, wato sinadarin gina jiki mai ba shi ƙarfi, rayayyun ƙwayoyin da ke cikinsa kaɗan ne ƙwarai, kowace a kulle a gurbinta, ba ta iya tasowa ta je inda aka ji rauni. Shi ya sa fata take warkewa, ƙashi ya ɗoru, amma guringuntsi idan ya ɓantare sai ya zauna a ɓantare, kuma likitan Birtaniya William Hunter ya rubuta haka tun 1743. A 1994 wasu likitoci a birnin Gothenburg na ƙasar Suwidin suka bayyana hanyar yanko ɗan guringuntsi mai lafiya, a rene ƙwayoyinsa a waje, a mayar da su cikin ramin da ya lalace, sai dai wannan hanya tiyata biyu take ci, kuma sai an ɓata wuri mai lafiya kafin a gyara mara lafiya. Ana samun ƙwayoyin tushe a ɓargo, amma sai an huda ƙashin ƙugu. A 2001 masu bincike a Leuven ta Beljiyam suka nuna cewa akwai su a tantanin da ke shimfiɗe a cikin gaɓa, a 2004 kuma wasu a Leeds ta Ingila suka same su suna yawo a cikin ruwan gaɓar kansa. Wannan ruwa kuwa allura kaɗai yake buƙata, kuma a asibitoci akan zuƙe shi daga kumburarriyar gwiwa a zubar.

Mun fara da shanu ne saboda su ne a gabanmu a Adamawa, kuma ba wanda zai ba ka damar tsira wa lafiyayyen mutum allura a gwiwa don kawai kana son ka ga abin da ke ciki. Masu binciken Leeds ma sun koma ga shanu da suka so su san halin lafiyayyar gaɓa.

Bayan sallar asuba ake zuwa mayanka, domin da rana ta ɗaga an gama rabon nama. Sai da na fara gaida dattijon da ke kula da mahautan ɓangaren da muke saye, na yi masa bayanin cewa ƙafa nake so, amma da sharaɗi: a ba ni ita da ɗuminta, ba a babbake ta ba, kuma wuƙa ba ta taɓa gaɓar da ke sama da kofato ba. Mahauta sukan cire ƙafa ta gwiwa ne, wato gaɓar gwiwar an riga an buɗe ta, iska da ƙasa sun shiga, ta tashi daga aiki. Ta ƙasa, ta kusa da kofato, ita ce ke zuwa a rufe. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Ɗana, in ruwa kake nema, me zai kai ka ga bujimi? Ka nemi tsohuwar saniya mai kumburin gwiwa, ita ce za ta cika maka kwalba.” Na ce, “Baba, gaskiyarku ce, amma mai kumburin nan ita muke gudu.” Kumburin da ke fitowa a gwiwar shanu a ƙasashenmu sau da yawa alama ce ta cutar da makiyaya ke kira bakkale, mai sa ɓari, wadda ke kama mutum, kuma tana cikin cututtukan da suka fi kama ma'aikatan ɗakin gwaji. Duk ƙafar da ta fito daga dabba mai irin wannan kumburi ba ma ɗauka. Kafin a raba kai da jiki nakan duba haƙora in ƙiyasta shekarun dabbar, in rubuta a takarda, in ɗaura wa kowace ƙafa lambarta, in sa a kula mai ƙanƙara.

Ba a zuƙar ruwan a mayanka. A ɗakinmu ake wanke ƙafar da sabulu da buroshi, a feɗe fatar da ke kan gaɓar a hankali ba tare da an huda jakar da ke rufe ta ba, a shafe wurin da aidin, a bi da sifirit mai ƙarfin kashi 70 cikin 100, a bari ya bushe. Sai ka lanƙwasa gaɓar da hannun hagu har tsagin da ke tsakanin ƙasusuwan ya buɗe, ka laluba da babban yatsa, ka tura allurar. Idan ta shiga daidai za ka ji turjiyar ta saki, wani ɗigo mai ruwan ɗorawa-ɗorawa ya leƙo ta gindin allurar tun kafin ka ja sirinji. Ruwan yana zuwa a hankali saboda kaurinsa, kuma idan ka bar ɗigo guda ya faɗo daga bakin sirinjin sai ya ja zare mai tsawo kafin ya tsinke, yauƙinsa kamar na miyar kuɓewa. Lafiyayyar gaɓa ba ta ba da yawa, 'yan mililitoci ne kawai, wani lokaci ma sai an matsa ta baya an tatso. Wanda ya fito da duhu ko gurɓi muna zubarwa. Wanda ya fito da jini ma haka, ko da kuwa ɗan ja ne kaɗan, domin idan ƙwayoyi suka tsiro daga irin wannan samfuri ba za ka iya rantsewa cewa daga ruwan gaɓa suka fito ba. Bayan an gama zuƙa sai a buɗe gaɓar gaba ɗaya a dubi guringuntsin, a rubuta ko sumul yake ko ya fara zaizayewa.

Yauƙin nan da ke sa gaɓa ta yi santsi shi ne cikas na farko. Wani sinadari ne mai dogon zare da ake kira hayaluronan ke kawo shi, kuma muddin yana nan, ko ka juya ruwan a na'ura ƙwayoyin ba za su sauka ƙasa ba. Don haka ake sirka shi da ruwan gishiri na musamman, a ɗiga masa wani sinadari mai tsinka zaren, a ajiye shi cikin ɗumi na ɗan lokaci har ya saki, a tace shi ta rariya mai ƙofofin maikuromita 70, sannan a sa a na'urar juyi ta yi ta wulwula shi na kamar minti 10. Abin da ke taruwa a gindin kwalbar sau da yawa ido ba ya ganinsa sosai. Ka tsiyaye ruwan sama bisa amana cewa akwai wani abu a ƙasa, ka zuba ruwan reno, ka gauraya, ka shimfiɗa a farantin roba. Ruwan renon jan ruwa ne mai ɗauke da suga da gishiri da sinadaran gina jiki, a ƙara masa maganin kashe ƙwayoyin cuta, da kashi 10 cikin 100 na ruwan jinin ɗan tayin saniya. Wannan na ƙarshe shi ne mafi tsada a cikin kayan, kuma abin da ke ba ni mamaki har yau shi ne muna zaune a tsakiyar ƙasar gudali amma daga ƙetare ake sayo mana shi, ya sauka a Duwala, ya biyo jirgin ƙasa na dare daga Yawunde a daskare. Farantan sukan shiga na'urar ɗumama mai riƙe zafi a digiri 37 da iskar kabon kashi 5 cikin 100.

Daga nan sai jira. Dabarar da ake raba ƙwayoyin tushe da sauran tarkace tsohuwa ce, ta samo asali daga aikin Alexander Friedenstein a Mosko wajen 1970: su suna manne wa roba, mafi yawan ƙwayoyin jini kuwa ba sa mannewa. Bayan kwana 2 ko 3 sai a tsotse ruwan renon a zuba sabo, duk abin da ke yawo ya tafi. A makon farko idan ka ɗora farantin a ƙarƙashin madubin ƙara girma kusan fili za ka gani fetal, sai 'yan ƙwayoyi masu zagaye nan da can, waɗanda su ma sun manne amma ba sa haihuwa, irin masu cinye datti ne na garkuwar jiki. Shugabar aikinmu, wadda ta koyo sana'ar a Turai, ta hana ni yawan fito da farantan. Ta ce, “Malam, duk fitowar da ka yi da su sanyi suke sha, iskarsu ta canza, kuma kallo ba ya sa su girma.” Wajen ƙarshen makon farko zuwa tsakiyar na biyu ne abin ke bayyana. A wani lungu na farantin za ka ci karo da ƙwayoyi dogaye sirara masu tsini a baki biyu, sun kwanta gefe da gefe suna karkata wuri guda, tsakiyarsu a cunkushe, gefensu a warwatse, kuma dukansu 'ya'yan ƙwaya ɗaya ce tak da ta manne a wurin. Kwana biyu bayan haka rukunin ya ninka. A kwana na 14 mukan sadaukar da wasu farantan, mu rina su da shunayyar rini, rukunonin su fito ɗigo-ɗigo yadda ido zai ƙirga.

Ƙirgar ce ta nuna mini ƙarancin abin da muke nema. Daga gaɓar ƙaramar dabba mai lafiya rukunoni ƙalilan ne ke fitowa, wasu farantan ma babu ko ɗaya. Gaɓoɓin tsofaffin shanun da guringuntsinsu ya fara zaizayewa sun fi bayarwa. Samfuranmu ba su kai yawan da zan kafa hujja da su ba, amma abin ya dace da binciken ƙungiyar Ichiro Sekiya a Tokiyo, waɗanda suka nuna a jikin mutane cewa waɗannan ƙwayoyi suna ƙaruwa a ruwan gwiwa bayan tsinkewar jijiyar da ke riƙe gaɓa, kuma suna ƙaruwa yayin da amosanin gaɓa ke tsananta. Ashe dattijon mayanka bai yi nisa da gaskiya ba da ya tura ni ga tsohuwar saniya. Ana kyautata zaton daga tantanin gaɓa suke zubowa cikin ruwan idan wuri ya ji rauni.

Abin da ya fi cin mana farantai shi ne ƙura da wuta. Da hunturu, komai rufe taga, ƙura na samun hanya, kuma ƙwayar naman gwari guda ta isa ta cika faranti da farin gashi cikin kwana biyu. Jan launin ruwan renon shi ne ɗan rahotonmu: idan ya koma rawaya ya yi gurɓi, ƙwayoyin cuta sun shiga, sai zubarwa da wanke na'urar gaba ɗaya; idan ya koma shunayya, iskar kabon ce ta ƙare ko ta tsere. Akwai daren da aka ɗauke wuta, janareta kuma ya ƙi tashi, da safe muka tarar na'urar ta huce, rukunonin da suka fara kyau sun tattare sun ɗaɗɗago daga robar. Tun daga ranar aka haɗa mata batura, kuma muka riƙa raba kowane samfuri a farantai da yawa.

Idan ƙwayoyin suka rufe kamar kashi 80 cikin 100 na farantin sai a ɗaga su kafin su matse juna. Ana zuba musu tiripsin, sinadarin da ke sa su saki robar su dunƙule cikin 'yan mintoci, a tsayar da shi da ruwan reno, a ƙirga su a gilashin ƙirga na Malassez tare da shuɗin rini da matattu kaɗai ke sha, a raba su a sababbin farantai. Tiripsin ɗin da aka saba da shi daga kayan cikin alade ake samo shi, abin da ya sa wani abokin aikina ya ɗaga gira. Akwai wanda ake haɗawa ba daga dabba ba, kuma shi ya fi dacewa da duk abin da za a sa a jikin mutum, sai dai ya fi tsada. Zuwa dashe na uku ƙwayoyin sun zama iri ɗaya a ido, sun kai miliyoyi.

Kama da ƙwayar tushe a ido ba ya wadatarwa, domin ƙwayoyin fata ma haka suke a faranti. A 2006 ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta masu jinya da ƙwayoyin halitta ta gindaya sharuɗɗa uku: su manne wa roba, su ɗauki wasu sinadarai na alama da ake kira CD73 da CD90 da CD105 a bayansu ba tare da alamomin ƙwayoyin jini irin su CD45 da CD34 ba, kuma su iya zama ƙashi da kitse da guringuntsi. Sharaɗi na biyu ya fi ƙarfinmu, saboda ba mu da na'urar duba alamomin, kuma sinadaran gano su galibi don ƙwayoyin mutum aka yi su, ba duka ke kama na saniya ba. Na uku muka yi. Ƙashi ya zo da sauƙi, bayan mako uku farantin ya sha jan rini mai kama ƙasar ƙashi. Kitse ya zo da ƙyar, 'yan ɗigon mai ne a ƙwayoyi kaɗan.

Guringuntsi ba a faranti ake yin sa ba, domin ƙwayoyin sai sun cunkushe sun dunƙule kafin su ɗauki wannan hanya, kamar yadda suke yi a jikin ɗan tayi. Ana ƙirga ƙwaya 250,000 a zuba a kwalbar roba mai tsinin gindi ta mililita 15, a juya su su taru a ƙasa, a bar su a haka cikin wani ruwan reno na dabam wanda babu ruwan jini a ciki, sai sinadarin TGF-beta mai tura su zuwa guringuntsi, da bitamin C da insulin da deksametason, a sassauta murfin domin iska ta shiga. Washegari idan ka ɗan ƙwanƙwasa gindin kwalbar da yatsa za ka ga faifan da ya kwanta jiya ya naɗe kansa ya zama ɗan ƙwallo fari yana mirginawa. Ana canza masa ruwa bayan kwana 2 ko 3 har kwana 21, kuma wajen tsotse tsohon ruwan dole hannu ya natsu, don ƙwallon bai fi milimita 1 zuwa 2 ba, bututun tsotsa zai iya haɗiye aikin wata biyu a tashi ɗaya. A gefe kuma akwai kwalaben shaida da ba a sa wa TGF-beta ba, domin kwatantawa. Da wa'adin ya cika na ɗauko guda da hantsaki, na ji yana da tauri da ɗan tsalle, yana sheƙi, alhali na shaida ya tsaya ƙarami mai laushi. Aka jiƙa su a fomalin, aka binne a kakin farafin, aka yanyanka sirara-sirara kaurin maikuromita 5, aka rina da safranin, wanda ke mayar da sinadaran guringuntsi ja. Namu ya yi ja, kuma a wasu wurare ƙwayoyin sun koma masu zagaye, kowace zaune a ɗan gurbinta.

Shugabar ba ta bar ni na daɗe ina murna ba. Ta sa na yanko guringuntsin gaske daga gaɓar saniya, aka rina shi da rini ɗaya, aka ɗora su a madubi ɗaya bayan ɗaya. Na gasken a tsare yake hawa-hawa: a sama ƙwayoyin a kwance suke, a tsakiya a warwatse, a ƙasa sun jeru a tsaye har zuwa inda ya kama ƙashi, kuma wannan tsari shi ke ba shi ikon ɗaukar nauyin sa mai kilo ɗaruruwa shekara da shekaru. Namu ja ne a wani ɓangare, fari-fari a wani, babu sama babu ƙasa. Ban da haka, jan rini ba ya faɗa maka ko kolajin ɗin da aka saƙa nau'i na 2 ne na guringuntsin gaɓa, ko nau'i na 1 ne na tabo mai saurin lalacewa, ko kuwa nau'i na 10 ne da ke nuna ƙwayoyin sun kama hanyar zama ƙashi. A ganina nan ne mutane da yawa ke yin gaggawa, su ɗauki ƙwallon da ya yi ja a kwalba a matsayin gwiwar da ta warke, alhali da sauran rina a kaba.

Dattijon mayanka, wanda shi ma gwiwa ke damunsa har yakan yi salla a zaune, ya tambaye ni wata safiya, “To ɗana, yaushe za ku yi mini allurar? Ga wasu can suna sayar da garin magani a leda, sun ce ƙwayoyin tushe ne, kuɗinsa ya fi na ɗan rago.” Na ce, “Baba, ku riƙe kuɗinku. Abin da sai da ɗumi da iska ta musamman yake rayuwa, wanda ɗauke wutar dare ɗaya ta kashe mana, ba zai zauna a leda a kasuwa ba, kuma ko ya zauna, ciki narkar da shi zai yi.” Na gaya masa abin da na sani game da gwajin mutane. A 2015 ƙungiyar Sekiya ta ba da rahoton majiyyata 10 da aka ɗebi tantanin gaɓarsu, aka rene ƙwayoyin kwana 14 a ruwan jinin su kansu majiyyatan, aka ɗora su a kan ramin guringuntsin ta ƙaramar huda, aka bar su minti 10 su manne, kuma an ga ci gaba. Amma waɗannan ramuka ne ƙanana masu iyaka, mutanen kuma kaɗan ne, ƙwayoyin daga tantani suka fito ba daga ruwa ba. Gwiwar tsufa da ta zaizaye ko'ina lamari ne dabam. Masana da dama ma yanzu suna ganin cewa idan aka yi allurar irin waɗannan ƙwayoyi, mafi yawansu ba sa daɗewa a gaɓar, kuma sauƙin da ake samu ya fi zuwa daga sinadaran rage kumburi da suke fitarwa. Na ba shi shawarar ya ga likitan ƙashi a yi masa hoto.

Ragowar ƙwayoyin mun adana su. Ana zuba kamar miliyan ɗaya a kowace 'yar kwalba tare da kashi 10 cikin 100 na sinadarin DMSO mai hana ƙanƙara fasa su, a sanyaya su sannu a hankali, kimanin digiri ɗaya a minti, sannan a nutsa su a ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, wanda muke samu ta hannun masu adana maniyyin bijimai don barbarar allura. Bayan wani lokaci mun narkar da kwalba ɗaya don gwaji, mafi yawan ƙwayoyin suka farfaɗo suka manne. Kashi ɗaya na kwalaben an ware shi don aikawa inda ake da na'urar duba alamomin CD da sinadaran tantance nau'in kolajin, kuma sai sakamakon ya dawo ne shugabar za ta rubuta takardar neman izinin gwaji a gwiwar awaki.